MAN SHAFAWA NA TSIRRAI DA LAFIYAR FATA

Jawabi ga Hakimai da Malamansu



Maganar yau ta mai ce, man da a ke shafawa a jiki. Ya yiwu wani ya ce, ina ruwan hakimi da man shafawa, ai wannan sha'anin mata ne na cikin gida. To, a yi haƙuri a saurara. Abubuwa uku suna rataye da wannan magana, dukansu kuwa suna cikin amanar da ke wuyan hakimi, watau lafiyar jarirai, da kuɗin talakawa, da itatuwan dajin gunduma.

Duk wanda ya shiga kantin kayan shafe-shafe a Kano ko Kaduna ko Sakkwato zai tarar da waɗansu 'yan kwalabe, tsawonsu bai wuce na yatsa ba, an rubuta musu omega-3, ko omega-6, ko omega-9, ana sayar da su da tsada. Mutane suna saye, suna tsammani wani sabon magani ne ya zo daga Turai. Alhali kuwa mai ne na 'ya'yan tsirrai, dangin man riɗi da man kaɗe, irin waɗanda matan ƙasar nan su ke tatsa tun kaka da kakanni. Nufin wannan jawabi shi ne a bayyana abin da ke cikin waɗannan mayuka, da wanda ya dace da wace fata, domin kada a sayi na gida da kuɗin na waje, kada kuma a shafa wa jariri abin da zai cuce shi.

MA'ANAR OMEGA

Kowane mai, na tsiro ne ko na dabba, an gina shi da waɗansu ƙananan sassa waɗanda ido ba ya gani. Siffarsu kamar ta duwatsun wuya ce da aka jera a zare, yawanci ƙwaya 16 ko 18 a kowane zare. Wani zaren miƙaƙƙe ne sambal, wani kuwa yana da lanƙwasa a wuri ɗaya ko biyu ko uku. Miƙaƙƙun su kan kwanta su manne da juna kamar damin kara, shi ya sa man da suka yi yawa a cikinsa ya kan daskare, kamar kitse da man kaɗe. Masu lanƙwasa kuwa ba su jeruwa, saboda haka mansu ya kan zauna ruwa-ruwa, kamar man riɗi.

Omega shi ne harafin ƙarshe na baƙaƙen Girkawa. Masana su kan fara ƙidaya daga wutsiyar zaren, su duba inda lanƙwasar farko ta faɗo. In ta faɗo a ƙwaya ta uku, sai su ce omega-3. In a ta shida, omega-6. In a ta tara, omega-9. Ashe dai lambar ba ta daraja ba ce, ta nuna wuri ce kurum, kamar lambar gida a kan titi. Tara ba ta fi uku ba, uku kuma ba ta fi shida ba.

Omega-9, wanda a ke kira oliyik, jiki yana iya yin nasa da kansa. Shi ne ya fi yawa a man zaitun da man zogale da man aya. Omega-6, wanda a ke kira linoliyik, jiki ba ya iya yinsa ko kaɗan, sai dai ya samu daga waje. Yana da yawa a man guna, da man waken suya, da man riɗi, da man wani fure mai bin rana da Turawa ke kira sanfulawa. Omega-3 na tsirrai, wanda a ke kira linolenik, shi ma jiki ba ya iya yinsa. Ya fi yawa a man 'ya'yan kittani, inda ya kan wuce rabi, akwai kuma kaɗan a man waken suya. Ba wani mai da ya ke na iri ɗaya zalla. Kowanne gauraye ya ke, bambancin yana ga wanda ya rinjaya.

YADDA AKA GANO AMFANINSA

A da likitoci sun ɗauka mai ba shi da wani aiki a jiki sai ba da ƙarfi da ƙiba. A shekara ta 1929 wani malami a Jami'ar Minnesota ta Amurka, George Burr, shi da matarsa Mildred, suka ciyar da ɓeraye da abincin da aka tsame masa mai sarai. Ba a daɗe ba sai fatar ƙafafunsu ta yi kaushi, wutsiyarsu ta yi saɓa tana ruɓewa, suka daina girma, suna ta shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Da aka ba su mai mai daskarewa zalla, ba su warke ba. Da aka ɗiga musu linoliyik a abinci, sai suka murmure. A 1930 suka sanar wa duniya cewa wannan sashen mai tilas ne ga jiki, kamar yadda gishiri da ruwa su ke.

Aka ce to wannan ai ɓera ne, mutum fa? Wani likitan yara, Arild Hansen, a birnin Galveston na Amurka, ya bi lafiyar jarirai 428 waɗanda a ke shayarwa da madarar gwangwani iri-iri, aka buga sakamakon a 1963. Waɗanda madararsu ba ta da linoliyik, fatarsu ta bushe ta yi kauri tana saɓa. Da aka ƙara musu shi, sai ta koma daidai. Nonon uwa yana ɗauke da wannan mai, wannan kuwa yana cikin dalilan da suka sa babu abin da ya kama ƙafarsa ga jariri.

Sa'an nan a 1974 aka yi wani gwaji a Ingila wanda shi ne tushen maganar yau. Mutum uku ne aka yanke musu yawancin hanji saboda ciwo, jikinsu ba ya iya tsotsar mai daga abinci, fatarsu ta bushe tana saɓa. Sai aka riƙa shafa musu ɗan man furen bin-rana a hannu kowace rana. Cikin makonni kaɗan fatar ta gyaru, aka kuma auna jininsu aka ga man ya ratsa ya shiga. Tun daga nan aka tabbatar fata tana iya karɓar wannan mai ta waje, ba sai ta ciki kaɗai ba.

KATANGAR FATA

Domin a gane dalilin haka, sai a tuna da aikin magina. Saman fatar mutum, wanda bai kai kaurin takarda ba, gininsa kamar na katanga ne. Akwai matattun ƙwayoyin fata jere bisa jere, hawa 15 zuwa 20, su ne tubalan. Tsakaninsu kuma akwai wani maiƙo da ya liƙe su, shi ne kwaɓaɓɓiyar ƙasar da a ke ɗora tubali da ita. Aikin wannan katanga biyu ne: ta hana ruwan jiki fita, ta hana ƙwayoyin cuta shiga.

Linoliyik yana cikin wannan maiƙo, kuma matsayinsa a wurin kamar na makuba ne a yaɓen soro. Kowa ya san abin da ke samun soron da aka yaɓe ba makuba in damina ta sauka. Idan linoliyik ya ƙaranta, jiki ya kan cike gurbinsa da oliyik, amma shi oliyik ba ya riƙe katangar yadda ya kamata, sai ta fara yoyo. Abin da ya sa ɓerayen nan shan ruwa ke nan, ruwansu yana tsiyayewa ne ta fata.

Hunturu ma ta nan ya ke cin mutane. Iskarsa busasshiya ce, tana zuƙe ruwan fata. In an haɗa da wanka da ruwa mai zafi ƙwarai, da sabulu mai kaifi, sai maiƙon ya wanke, tubalan su saki juna. Daga nan sai kaushi, sai faso a diddige, sai leɓe ya tsage, har jini ya fito. Kowace tsaga kuwa ƙofa ce ga cuta.

KAMA DA WANE BA WANE BA NE

Tun da haka ne, ko kowane mai aka shafa ya yi? A'a. Sai an gwada a kan san na ƙwarai, an kuwa gwada.

A Jami'ar Sheffield ta Ingila an sa manya 19 su riƙa shafa mai a hannu, ɗigo shida sau biyu a yini, har wajen mako huɗu, aka buga sakamakon a 2013. Hannun da aka shafa wa man zaitun, katangarsa ta yi rauni, har fatar waɗansu ta ɗan yi ja. Hannun da aka shafa wa man furen bin-rana kuwa, katangarsa ba ta taɓu ba, damshin fatar ma ya ƙaru. Dalili shi ne oliyik yana kutsawa tsakanin maiƙon ya sassauta shi. Kada fa a ɗauki wannan a kan kushe zaitun. Man zaitun abinci ne mai daraja, babban mutum mai lafiyar fata kuma ba lalle ne ya ga wata illa ba in ya shafa. Magana ana yinta ne kan fatar jariri, da fatar mai kirci, waɗanda katangarsu da ma ba ta da ƙarfi.

Gwajin da ya fi kowanne nauyi an yi shi ne a asibitin yara na Dhaka, babban birnin Bangaladash, kan bakwaini 497 waɗanda aka haifa kafin mako 33. Bakwaini fatarsa ba ta gama ginuwa ba, ta nan sanyi da ƙwayoyin cuta ke kama shi. Aka riƙa shafa wa waɗansu man furen bin-rana a hankali, waɗansu kuwa ba a shafa musu ba. A 2005 aka sanar cewa kamuwa da cututtukan da a ke ɗauka a asibiti ta ragu da kashi 41 cikin 100 ga waɗanda aka shafa wa, a 2008 kuma aka sanar cewa mutuwarsu ta ragu da kashi 26 cikin 100. A waɗannan ƙasashe al'adarsu ita ce murza wa jariri man mastad, wani mai ne mai yaji. Da aka gwada shi a fatar ɓeraye sai aka ga yana jinkirta gyaruwar katangar. Ga mai biyu, dukansu na tsiro, ɗaya yana gini, ɗaya yana rushewa.

Amma gaskiya ba ta cika sai an faɗi ɗaya gefen. Da aka kai gwajin ƙauyukan jihar Uttar Pradesh ta Indiya, kan jarirai fiye da 20,000, manya da ƙanana, sakamakon da ya fito a 2021 bai nuna raguwar mutuwa gaba ɗaya ba, sai ga ƙanana ƙwarai. Saboda haka a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya shafa wa bakwaini da jariri mara nauyi man furen bin-rana ko man kwakwa, amma ba ta ce a riƙa shafa wa kowane lafiyayyen jariri don rigakafi ba. Bakwaini kuwa babban maganinsa nonon uwa ne, da ɗumin ƙirjinta, da kulawar asibiti. Mai taimako ne kawai.

Akwai kuma gargaɗi kan man gyaɗa. Wani bincike a kan yara kusan 14,000 a yankin Bristol na Ingila, wanda ya fito a 2003, ya nuna yaran da aka shafa wa mai mai gyaɗa a kan ƙurajen fata suna jarirai sun fi sauran samun ciwon ƙin gyaɗa, watau jiki ya riƙa kumbura ko numfashi ya sarƙe in an ci ta. Don haka man ƙuli na tukunya ne, a nisanta shi daga jaririn da fatarsa ke da ƙuraje.

MAYUKAN ƘASAR NAN

Man kaɗe shi ne babbansu. Kusan rabinsa mai daskarewa ne, kusan rabi kuma oliyik, linoliyik ɗinsa kaɗan ne, bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Ƙarfinsa ba a omega ya ke ba. Yana narkewa da ɗumin jiki, ya shimfiɗu bisa fata ya hana ruwa fita, yana kuma ɗauke da waɗansu sinadarai masu kwantar da ƙaiƙayi fiye da yawancin mayuka. Ga faso da kaushi da tsagewar leɓe da wuya a sami wanda ya fi shi.

Man riɗi, wanda a ke nomawa da yawa a Jigawa da Nasarawa da Binuwai, oliyik da linoliyik kusan daidai su ke a cikinsa, kowanne wajen kashi 40 cikin 100. Yana kuma da wani sinadari nasa na kansa da ke hana shi saurin lalacewa, abin da ya dace da ƙasa mai zafi.

Man guna na Yobe da Barno, da ɗan'uwansa man agushi, linoliyik ya wuce rabinsu. Ba su da nauyi, fata tana shanye su da wuri. Man aduwa da man 'ya'yan kuka gauraye su ke, akwai mai daskarewa, akwai oliyik, akwai linoliyik mai yawa. Man zogale kuwa wajen kashi 70 cikin 100 oliyik ne, yana daɗewa bai lalace ba, shi ya sa masu yin turare ke sonsa tun zamanin da. Man aya ma halinsa kusa da na zaitun ya ke. Alayyadi da man kwakwa yawancinsu mai daskarewa ne, suna laushi da fata amma omega kaɗan gare su.

Ke nan duk wanda ya haɗa man kaɗe da man riɗi ko na guna, ya sami mai rufe fata da mai gyara ta a tukunya ɗaya. Da yawa daga mayukan kanti masu tsada bisa irin wannan haɗi aka gina su, aka ƙara ruwa da ƙamshi da kyakkyawar kwalba. Sai dai wannan shawara ta manya ce da yara da suka tasa. Ga bakwaini kada a yi ƙiyasi, a tsaya ga abin da asibiti ta ce.

ABIN DA MAI BA YA IYA YI

Rubutun da ke jikin kwalba ba shi ne magani ba. A Ingila an daɗe ana ba masu kirci man wani fure mai buɗewa da yamma su sha, domin yana da wani irin omega-6 wanda ba a cika samu ba. A 2002 hukuma ta janye masa lasisi don rashin shaida. A 2013 aka tattara gwaje-gwaje 27 da aka yi a kansa da wani makamancinsa, aka ga ba su fi maganin wofi ba.

Omega-3 kuma, wanda ya fi shahara a talla, amfaninsa ya fi tabbata a abinci, ga shi kuwa shi ne mafi saurin lalacewa. Kowace lanƙwasa a zaren wuri ce da iska ke kama mai, shi kuwa uku gare shi. Man kittani da ya sha zafin rana a rumfar kasuwa ya kan tsufa ya yi wari cikin ɗan lokaci, lalataccen mai kuwa ƙaiƙayi ya ke jawowa.

Mai ba ya warkar da ƙazuwa, ba ya warkar da makero. Kyasbi da amosanin ka ma ƙwayar da ke kawo su maiƙo ta ke ci, don haka labta mai ya kan ƙara mata ƙarfi. Ba a sa mai a sabuwar ƙuna, ruwa mai sanyi a ke zuba mata na kamar minti 20, sa'an nan a nufi asibiti. Ba a sa mai a cibiyar jariri, sai maganin da asibiti ke bayarwa. Mai ba ya kare zabiya daga ƙunar rana. Tabon da ya yi haske a jiki kuma ba a jin taɓi a wurin, wannan alamar kuturta ce, a gaggauta kai mai shi asibiti, gama tana warkewa sarai in an kama ta da wuri. Amma wanda cutar ta riga ta kashe wa jin ƙafa ko hannu, mai yana yi masa babban aiki: ya jiƙa ƙafar a ruwa, ya goge kaushin da dutse, ya shafa mai, kowace rana, don kada faso ya zama gyambo.

Mugun abu shi ne man bilicin da a ke haɗawa a ɓoye, a sa masa sunan man tsirrai. A kan zuba masa zaiba, ko haidirokwinon, ko maganin sitiroyid. Waɗannan suna sirantar da fata har rauni ya ƙi warkewa, zaiba kuma tana lalata ƙoda, tana kuma ratsawa ga jariri ta ciki da ta nono. A watan Fabrairu na 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana wannan al'amari a matsayin larurar lafiya ta gaggawa a Nijeriya. Alamar gane shi ba wuya: man tsiro na gaskiya ba ya sāke launin mutum. Duk man da ya mai da baƙi fari cikin makonni, to, an saka masa wani abu.

SHAFAWA DA AJIYA

Mai ba ya ba fata ruwa, tsare wanda ke ciki ya ke yi. Saboda haka lokacin shafawa shi ne da an fito wanka, jiki na da sauran lema. Kaɗan ya isa. Sabon mai a fara gwada shi a cikin gwiwar hannu, a jira kwana biyu, in ba ja ba ƙaiƙayi sa'an nan a shafa ko'ina. Mai shafa wa jariri ta wanke hannu da sabulu tukuna, ta shafa a hankali ba murza ba. A ajiye mai a kwalba mai duhu, a toshe bakinta, a sa a inuwa. In warinsa ya sāke, a mai da shi sabulu.

ITACE DA KASUWA

Kaɗanya tana tsirowa ne a wani ɗamara na ƙasa daga Senegal har Sudan ta Kudu da Yuganda, ƙasashe wajen 20, ba kuwa a samunta a wata nahiya. Matafiyin nan Mungo Park ya yaba manta a littafinsa na 1799. Ba ta fara 'ya'ya sai ta shekara 15 ko fiye, amma tana iya rayuwa shekara 200. Mai gawayi kuwa wuni ɗaya ya ishe shi ya kayar da ita. An riga an sa ta cikin jerin itatuwan duniya da a ke tsoron ƙarewarsu.

Yawancin ƙwarar kaɗe da ke fita daga Afirka ta Yamma masu yin cakulan ne ke saye, saura masu man shafawa. Neja da Kwara da Kebbi da Kaduna suna cikin manyan wuraren da a ke tsintarta. A watan Agusta na 2025 Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sanar da hana fitar da ɗanyar ƙwara na wata shida. Ya ce Nijeriya tana samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗen duniya, amma rabonta a kasuwar da ta kai dala biliyan 6.5 wajen kashi 1 ne kacal. Mali da Burkina Faso sun riga sun yi irin wannan hani a 2024. Nufin dokar shi ne a tatse man a gida. Amma da ta fito, farashin ƙwara ya faɗi a hannun mata masu tsinta, wannan kuwa abin lura ne, domin itacen da bai kawo kuɗi da 'ya'yansa ba, gatari ne ke yi masa kuɗi.

Akwai darasi a ƙasar Maroko. Suna da wani itace mai ƙaya a kudu maso yammacin ƙasar, sunansa argan, wanda a da a ke sarewa don gawayi. Daga 1996 wata malama ta Jami'ar Muhammadu na Biyar a Rabat, Zoubida Charrouf, ta fara haɗa matan karkara cikin ƙungiyoyin gama kai, suna tatsar man da tsabta, suna sayarwa da sunansu. A 1998 hukumar UNESCO ta sa dajin cikin wuraren da a ke kiyayewa. Man argan ya zama ɗaya daga mayuka mafiya tsada a duniya. Ga shi kuwa, da aka auna shi, oliyik da linoliyik ɗinsa ba su yi nisa da na riɗi da na aduwa ba. Abin da ya ɗaga shi tsabta ce, da haɗa kai, da tsare itacen.

Kyan man kaɗe daga ranar tsinta ya ke farawa. Ƙwarar da aka bari a jibge ta tsira ko ta yi fumfuna, manta ya kan yi ɗaci da wari, masu saye su rage masa kuɗi. Wadda aka ƙyafe da hayaƙi kuwa ta kan ɗauki gubar hayaƙin, manyan masu saye su ƙi ta. Hanyar da ta fi ita ce a dafa ta cikin 'yan kwanaki da tsinta, a shanya bisa tabarma ko dandamali ba a ƙasa ba, ta bushe ƙayau, a zuba a buhun algarara, a ɗora bisa katako.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI

1. A tsare kaɗanya da aduwa da kuka daga masu gawayi, a kuma umurci manoma su bar 'yan tsiron da suka fito a gona su girma.

2. A taimaki mata masu tsinta da masu tatsa su haɗa kai, a ba su filin shanya da rumbun ajiya, don su sayar da mai maimakon ɗanyar ƙwara.

3. A tara ungozomomi tare da ma'aikatan asibitin gunduma, a karanta musu abin da aka faɗa kan bakwaini da cibiya da man gyaɗa.

4. Sarkin kasuwa ya sa ido kan man shafawar da ba shi da lambar NAFDAC, da wanda a ke aunawa daga bokiti ana cewa yana sa fari, ya kai rahoto.

5. Malamai su rubuta yawan itatuwan mai na kowace dagaci, da ƙauyukan da a ke tatsa, da farashin kowace kaka, domin abin da ba a ƙidaya ba, ba a sanin ranar da ya ragu.

Tsofaffin da suka riƙa shafa wa jikokinsu man kaɗe da hunturu ba su taɓa jin sunan omega ba, amma sun san abin da fata ke so. Ilmin zamani ya zo ya tabbatar da waɗansu al'adun, ya gyara waɗansu. Abin da ya rage shi ne a riƙe na ƙwarai, a bar na cutarwa, a kuma bar wa 'ya'ya da jikoki itacen a tsaye.